Amanar Katin Zaɓe a Buhun Gero

Duk wanda aka haifa a Tsamiyar Ɗan Iya cikin shekara talatin ɗin nan, in dai ba a asibitin Dawakin Tofa uwarsa ta sauka ba, to a hannun Iya Kaltume ya faɗo duniya. Ita ce ungozomar garin. Ita ke yanke cibiya, ita ke tsayawa a kan ruwan wankan jego, ita ke dama kunun kanwa ta tsare mai jego sai ta shanye. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar kullum aikenta aka yi. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ka kwana biyu kana juya ta. Mijinta, Malam Jamil, ya rasu shekara tara ke nan, ya bar ta da 'ya'ya biyu: Abdulhadi, ɗanta na fari, wanda suke gida ɗaya da shi da matarsa Rumaisa, sai Tahira da ke aure a unguwar Bacirawa, can bakin birni.

Garin ba wani babba ba ne, gidaje ne manne da gonaki, amma siyasarsa ta fi ƙarfinsa. Tun zamanin siyasar Santsi da Taɓo aka rabu biyu, gabas da yamma, kuma har yau ba a haɗu ba. Jam'iyyu sun sake suna sau ba adadi, mutanen garin ba su sake hali ba: in 'yan gabas suka shiga wannan, 'yan yamma sai su shiga waccan, ko ba su san sunan ɗan takarar ba. Ka je teburin mai shayi ka ji musu, ka rantse gobe za a yi yaƙi. To amma ranar zaɓe fa? Wannan ya tafi fadama ban ruwan albasa, wancan ya ce ai an riga an rubuta wanda ya ci, wani ya kwanta gindin darbejiya da rediyo a kunne. Sunaye sama da ɗari huɗu ne a jikin bangon firamare, da kyar ɗari da hamsin ke fitowa. Cikinsu kuwa biyu cikin uku mata ne, da goyo da tabarma, suna bin layi cikin rana ba mai jin bakinsu.

'Yan siyasa ba wawaye ba ne, sun lura da haka. A zaɓen da ya wuce, saura mako guda, aka bi gidaje ana karɓar katunan mata ta hannun mazajensu, wai za a rubuta sunaye don rabon taki. Mutanen Sha'aban, jagoran 'yan gabas, suka karɓe na matan yamma. 'Yan yamma da suka farga su ma suka rama. Ba a dawo da katunan ba sai da aka gama ƙirga ƙuri'a, taki kuwa ko ƙamshinsa ba a ji ba. Sa'ida, wata maƙwabciyar Iya mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ce ta fara ƙullo katinta a bakin zane ta kawo.

"Iya, ki ajiye min. In yana ɗakina, ranar da maigidan ya ce in miƙo, ba ni da bakin hanawa."

Kafin shekara ta zagayo katuna hamsin da takwas ne a hannun Iya, na gabas da na yamma. Maza sun sani sarai, amma wane ne zai je ya tsare matar da ta yanke masa cibiya ya ce ta ba shi? Abin da ya sa aka yarda da ita kuwa, ba wanda ya san inda take dangwalawa. Ko marigayi Malam Jamil, da ya yi shekaru yana lallaɓa ta, bai taɓa ji ba. Inda ta ɓoye katunan ma ita kaɗai ta sani. A gwangwanin madara ta jera su, ta naɗe da leda, ta farke buhun geron da ke can ƙuryar sito, wanda ba a kaiwa gare shi sai tsakiyar damina, ta cusa gwangwanin har rabin buhun, ta sa basilla ta mayar da ɗinkin tsaf. Gara ba ta zuwa nan, ɓarawon kati kuma ba zai taɓa tunanin tuwo ba.

Yanzu sai in faɗa muku yadda take da Abdulhadi, don in ba ku san wannan ba za ku ce matar nan ba ta da wayo. Ɗan fari ne, kuma Iya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Shekararsa talatin da takwas, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai adaidaitar nan". Yana jariri ba ta ba shi nono a gaban mutane, kakarsa ce ta goya shi. Da ya girma, gaisuwarsu daga bakin ƙofa ce: ya durƙusa ya ce "Iya, ina kwana," ta amsa tana kallon bango. In tana son ya yi wani abu, sai ta faɗa wa Rumaisa, ko ta ɗaga murya ta yi wa kaji magana yadda zai ji. Ba ƙiyayya ba ce, ko kusa. In ya yi zazzaɓi ita ma ba ta iya cin abinci, sai dai ba za ta leƙa ɗakinsa ba.

A bana Abdulhadi ya shiga hidimar Sha'aban. Ya manna hoton ɗan takararsu a bayan adaidaitarsa, yana jigilar mutane zuwa taro. Iya ba ta so ba, amma ba ta hana shi ba.

Zaɓen gwamna ya faɗo ranar Asabar, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Mata suka tsayar da magana: ranar Juma'a bayan la'asar kowacce za ta zo ta karɓi katinta, ta kwana da shi a ƙugu. Iya ta yi kwana biyar a wani ƙauye tana wa wata mai haihuwar fari wanka, ta dawo ranar Laraba da hantsi. Ko ruwa ba ta sha ba ta shiga sito, don dai ta ga ajiyarta hankalinta ya kwanta. Buhuna biyar ta bari. Ta ƙirga, huɗu. Ta sake ƙirgawa tana taɓa kowanne da hannu, huɗu dai. Ƙuryar nan babu komai sai shacin buhu a ƙasa da 'yan ƙwayoyin gero.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta zauna a kan wani buhun. Ta daɗe a nan zufa na bin wuyanta kafin ta iya gyara fuska ta fito.

"Rumaisa, na ga kamar an rage buhu a sito."

"E, Iya, maigidan ne ya fitar ranar Lahadi da sassafe. Ya ɗora a adaidaita."

"Ina ya kai?"

"Wallahi bai faɗa min ba. Na tambaya ya ce ba ruwana."

Ba ruwanta. Kalmar nan ta tsaya wa Iya a ƙirji. Abdulhadi ba mai ɓoye wa matarsa abu ba ne, ko goro ya sayo sai ya faɗi nawa. Me ya sa buhun ƙurya, alhali ga huɗu a bakin ƙofa? Me ya sa sai da ta bar gari? Ta ce a'uzu billahi, zato zunubi. Ba a jima ba zuciyar ta dawo da tambayoyin nan daga farko.

Mai karatu zai ce, to ta kira shi ta tambaye shi mana. Da wane baki? Ba ta taɓa zama da shi sun yi magana mai tsawon jimla uku ba. In ta aika Rumaisa kuma, dole ta faɗa mata abin da ke cikin buhun, Rumaisa kuwa yarinyar kirki ce amma cikinta ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Kafin azahar zance ya isa yamma: katuna sun ɓata a gidan yaron Sha'aban. Samarin yamma dama sun sha faɗa a fili cewa duk wanda ya sake taɓa katin iyayensu mata, sai sun ƙone abin hawansa. Adaidaitar nan ita ce cin gidan. Ga sunanta, da ta yi shekara talatin tana tarawa daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin haihuwa. Ga mata hamsin da takwas da za su zo jibi su miƙo hannu.

Ranar Alhamis da safe Abdulhadi ya zo gaisuwa kamar kullum. Ta ji takunsa, ta ji ya durƙusa. Ta shirya maganar tun asuba, kalma biyar ce kacal: ina ka kai buhun nan.

"Iya, ina kwana. An dawo lafiya? Ya mai jegon?"

"Lafiya lau," ta ce wa bango.

Ya ɗan jira, ya tashi. Tana jin ƙarar adaidaita ta fita, ta dafe kai da hannu biyu. Kai, wannan kunya wani lokacin bala'i ce!

Ta shiga sito ta farke buhuna huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tana zura hannu har kafaɗa, ko Allah zai sa ita ce ta manta. Gero ne kawai. Tana cikin mayar da ɗinki Sa'ida ta yi sallama, ta kawo mata ƙuli-ƙuli a kwano.

"Iya, gobe dai ko? Ni jibi ranar zaɓe tun da asuba zan kafa dutse a layi. Bana sai sun san da mu." Ta ɗan rage murya. "Af, ranar Lahadi na ga Abdulhadi da buhu a adaidaita, ya tsaya ƙofar gidan Sha'aban. Na ce oho, su ma sun fara rabon gero ke nan."

"Haka ne," Iya ta ce. Basillar ta soke ta a yatsa, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini.

Hanyar fita titi ta ƙofar gidan Sha'aban ta bi, kowa ya sani, duk mai fita gari sai ya wuce nan. Iya ma ta sani. Amma tsoro ba ya jin wannan lissafi. Ta wuni tana tuno abubuwa: ranar da ta fito daga sito da basilla ta tarar da shi a tsakar gida yana wanke ƙafa, ko ya lura? Sabbin tayoyin da ya sa wa adaidaita makon jiya, daga ina? Ta tuna yadda Sha'aban ke dafa kafaɗarsa a bainar jama'a yana cewa "nawa na kaina". Tuwon ranar ko loma ba ta kai baki ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta gane ba ta san ɗanta ba. Ta san nauyinsa ranar da aka haife shi, ta san tabon da ke bayan kunnensa, amma ba ta san ko zai iya sayar da uwarsa ba.

Juma'a ta waye bai zo gaisuwa ba. Rumaisa ta ce ya fita tun duhun asuba ɗauko kujeru, kuma ya ce kada a jira shi, a gidan Sha'aban za su kwana, don shi ne wakilin akwati gobe. Iya ta dubi inuwar katanga. In ta kai bakin randa, la'asar ta yi, mata za su fara sallama. Daga tsakar dare kuma za a hana abin hawa motsi, ko buhun yana kasuwar Dawanau ko yana birni, shi ke nan.

Ana saukowa daga masallaci ta yafa mayafinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙofar gidan Sha'aban cike take da maza, sun fi sittin, lasifika na ta ruri, ana rarraba takardun wakilai. Mace ba ta zuwa irin wannan wuri, balle Iya. Ta tsaya daga gefe, ta hango shi can tsakiya yana sauke kujeru. Nufinta ta yafito shi gefe su yi magana a asirce. Ta ɗaga hannu, bai gani ba.

"Kai! Kai wancan!"

Lasifika ta haɗiye muryar. Mutum uku suka waiwayo, kowanne na zaton da shi ake. Shi kuwa ya juya baya, ya kama hanyar shiga zauren Sha'aban. In ya shige, ba ta da hanyar binsa.

"Abdulhadi!"

Wallahi ko mai lasifikar sai da ya kashe ta. Duk wanda ke wurin ya san Iya, ya kuma san abin da ya ji bai taɓa faruwa ba. Abdulhadi ya tsaya da kujera a hannu, ya juyo a hankali. Fuskarsa ta buɗe kamar ta yaron da aka kira a ba shi tsaraba. Ita kuwa da sunan ya fita, sai sauran ya biyo shi, kwana uku na tsoro, ba ta iya tare shi ba.

"Ina ka kai katunan matan garin nan? Nawa aka ba ka?"

Kowa ya juya ya dubi Abdulhadi.

"Wane kati, Iya?"

"Buhun da ka fitar ranar Lahadi. Amanar mutane ce a ciki."

Ya ajiye kujerar. Ya dubi mutanen da ke kallonsa, ya dubi ƙasa. Bai kare kansa ba, bai ce ga inda ya kai ba. Ya je ya tayar da adaidaita ya kawo gabanta.

"Hau mu je, Iya."

Ba ta taɓa shiga adaidaitarsa ba sai ran nan. Suka bi ta ƙofar gari suka hau titi, gonaki na wucewa, sannan filaye masu turakun siminti, sannan gidajen bulo da ba a gama ba. Sai da ya karya kwana ya shiga wani lungu a Bacirawa ta gane inda suke: gidan Tahira.

Tahira ta fito da gudu, ta ga uwarta, ta tsaya turus. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Iya ta shiga ɗakin ta ga babu gadon da aka kawo ta da shi, babu keken ɗinki, sai katifa a ƙasa da mijin kwance a kai, ƙafarsa a ɗaure. Wata huɗu ke nan da ya faɗo daga kan gini, ba aiki. Tahira ta roƙi yayanta da girman Allah kada Iya ta ji, don ta san ba za ta ƙara barci ba. Shi kuma ya ga azumi ya matso, ya shiga sito ya zaɓo mata buhun da ya fi cika, wanda ɗinkinsa ya nuna ba a taɓa shi ba. Tsayawar da ya yi a ƙofar Sha'aban, igiya ya ara ya ɗaure shi.

Buhun na nan a bayan ƙofa, an jingine shi ana jiran ganin wata. Iya ta gane ɗinkinta. Ta farke, ta zura hannu, yatsunta suka taɓa sanyin gwangwani. Ta ƙirga a kan cinyarta, hamsin da takwas cif. Ta so ta yi hamdala da ƙarfi, sai ta ji kuka ne ke zuwa, ta danne shi da bakin mayafi.

A hanyar dawowa rana ta karkata. Yana tuƙi bai waiwayo ba, ita tana baya da gwangwani a ƙirji. Sun kusa shiga gari ya rage gudu, ya yi magana yana kallon hanya.

"Iya, tun ina yaro nake so in ji yadda sunana yake a bakinki. In yara na wasa aka kira su daga gida, sai in tsaya in saurara ko za a kira ni. Yau dai na ji."

Ta ƙara ƙanƙame gwangwanin.

Sun tarar da mata sun cika tsakar gida, labari ya riga su isowa, wasu har sun fara salati. Iya ta buɗe gwangwani ta kira kowacce da sunanta ta miƙa mata. Da ta gama ta miƙe tsaye ta faɗa musu, da muryar da ta kai zaure inda maza ke laɓe, cewa yaron bai ɗauki komai ba, ita ce ta yi masa ƙazafi, kuma duk wadda ta yaɗa zancen farko ta kai na biyun inda ta kai shi. Sun kai, ba laifi. Amma kun san mutane, na farkon ya fi daɗin faɗa.

Asabar tun kafin rana ta fito layin mata ya zagaye firamare, Sa'ida a kan gaba. Maza da suka ga haka kunya ta kama wasunsu, aka bar albasa aka zo. An ce akwatin Tsamiyar Ɗan Iya bai taɓa cika irin na ran nan ba. Wanda ya ci kuwa, ku tambayi masu shayi, har yau suna musu.

Iya ta dangwala nata a inda ta saba, ba wanda ya gani. Ta koma gida ta dama fura da nono mai kauri, ta saka a ƙwarya ta rufe da faifai, ta dawo da kanta. Abdulhadi na zaune a benci da takardar wakili a wuya, tun safe bai ci komai ba. Ta zo ta bayansa ta tsaya. Duk hanya tana maimaita sunan a zuci, tana so ta faɗe shi sau ɗaya a hankali, yadda ya kamata a ce ya fara jin sa. Ta buɗe baki. Ta ga tabon nan na bayan kunnensa. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya.

Ta ajiye ƙwaryar a gefen benci, ta dubi mutumin da ke kusa da shi.

"Ka ce wa mai adaidaitar nan ya sha, rana ta yi."

Abdulhadi ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. "An gode, Iya," ya ce, bai ɗago kai ba.